Ba 'Yar Gidan Nan Ba Ce

Ina cikin goge wa wani dattijo gilashin tabarau wayata ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. A shagonmu ba a ɗaga waya a gaban mai saye, amma da na leƙa na ga Amarya ce, sai na ce wa dattijon ya gwada karanta layi na huɗu a allon bango, ni kuma na zame bayan kantar shagon.

Amarya matar yayana ce, Yaya Sanyi, wanda ya rasu wata bakwai da suka wuce. Shekararsu uku da aure, amma da yake ita ce ta ƙarshe da ta shigo danginmu, sunan ya manne mata. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti take aiki, mace ce mai tsayayyen hannu, wadda ke samun jijiyar jariri a soka ɗaya. Ko ranar da aka fita da Yaya ban ji muryarta ta yi rawa ba. Ranar nan na ji.

"Auta," ta ce, "me na yi wa Babban Yaya?"

"Kamar yaya, Anti?"

"Duba hoton da na turo miki."

Talabijin ɗin falonta ce a hoton. Allon baƙi ƙirin, da farin rubutu daga sama: ba 'yar gidan nan ba ce. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa: Mai gida, Babban Yaya.

"Ai da ya kira ni ya faɗa mini da bakinsa," in ji ta. "Ba sai ya rubuto mini a bangon ɗakina ba."

Na ce mata ina nan zuwa da an tashi daga aiki.

Yaya Sanyi ne ya buɗe mana akawun a kamfanin nan na kallon finafinai ta intanet. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, daga nan sunan ya samo asali, ga shi kuma mutum ne da ko gobara ba ta sa shi sauri. Akawun ɗaya ne, amma mutum biyar na iya shiga, kowa da hotonsa da jerin abin da yake kallo. Yaya ya ce ai gida ne mai ɗaki biyar ya gina mana. Ɗakin Mama, ɗakin Babban Yaya wanmu na fari, na yaransa, nawa, sai nasa da Amarya. Shi ya sa wa kowa sunan da muke kiransa a gida, shi kuma ya mayar da harshen manhajar Hausa, don fassararsu na ba shi dariya har ya riƙe ciki. Da ya rasu, Babban Yaya ya karɓi biyan watan, ya sa lambarsa, kowa ya yi masa godiya.

A ɗakin nan nasu akwai abin da ni kaɗai Amarya ta nuna wa. Wani fim ne mai dogon zango, kashi sittin da huɗu, labarin direban jirgin ƙasa da ya manta kowa bayan haɗari, matarsa na bin sa tasha-tasha ko zai gane ta. Tare suka kalle shi tun daga kashi na ɗaya. Suna cikin na ƙarshe, saura minti goma sha ɗaya, aka kira Yaya wani otal da na'urarsu ta tsaya. Ya danna tsayarwa, ya nuna ta da rimot, ya ce, "In kika kalla ban dawo ba, ban yafe ba." A can ya yanke jiki ya faɗi, da sukudireba a hannu.

Tun daga ranar, in ta dawo daga aiki takan kunna talabijin, ta shiga ɗakinsu, ta zauna tana kallon jan layin nan da bai kai ƙarshe ba, da tambayar da ke samansa: Za ka ci gaba da kallo, Sanyi? Ba ta taɓa dannawa ba. Na karanta littattafan soyayya da ba zan iya ƙirgawa ba, wasu har na jiƙa shafukansu, amma ban taɓa cin karo da abin da ya kai wannan jan layin ba.

Ana tashi daga aiki na hau mota zuwa wurinta. Hawa na uku take, ɗaki biyu da falo, jakar kayan aikin Yaya na nan bayan ƙofa inda abokan aikinsa suka ajiye ta. Na tarar da ita da farar rigar asibiti ba ta ko cire ba, rubutun na nan a allo yana haska mata fuska.

Ina matsawa kusa na gane. Tun ranar da suka tare talabijin ɗin ta faɗi, saman allon ya mutu, wani baƙin zirin faɗin tafin hannu ba ya nuna komai. Na buɗe manhajar a wayarta, saƙon ya fito cikakke: Wannan na'ura ba 'yar gidan nan ba ce.

"Anti! Da talabijin suke!" Dariya da hawaye suka haɗe mini. "Na'ura suke nufi, ba ke ba. Rabin maganar ne ya shige cikin baƙin nan. Kamfani ne ya turo, Babban Yaya bai rubuta komai ba."

Ta karɓi wayar, ta karanta sau biyu, ta ajiye a hannun kujera.

"To wa ya gaya wa kamfanin?"

"Ba wanda ya gaya musu. Sabuwar doka suka fito da ita."

Don in tabbatar mata, na shiga wurin tambaya na kamfanin. Wani hoton fuska mai murmushi har kunne ya fito, ya rubuto: Barka da zuwa! Muna ƙaunar iyalai!

Na rubuta cewa matar yayana ce, an rufe mata ƙofa.

Ya ce ya ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Ya ce gida shi ne mutanen da ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, suna amfani da wayfai ɗaya.

Na rubuta cewa mijinta ya rasu, ɗakinsa ne take shiga.

Ya ce ya yi baƙin cikin jin haka, ya liƙa hoton fure. Sannan ya tambaya ko ina so in ji labarin sabon tsarinsu mai rahusa.

Na ja tsaki. Sau uku suka ƙara kuɗi a shekara guda, kowane ƙari da wasiƙarsa mai cewa don jin daɗinmu aka yi. Su ne da suke talla suna cewa a raba kalmar sirri da masoya, lokacin da suke neman mu shigo. Yanzu mun shigo mun zauna, sun dawo da igiyar awo suna auna mana iyakar zumunci. Mutanen da ba su taɓa cire takalmi a ƙofar kowa ba, su ne za su koya mini ma'anar gida, da fure a hannu.

Na daure na tambaye shi yadda aka yi aka san wace na'ura ce ta gida. Amsar da ya ba ni ce ta kashe mini dariyar. Ya ce mako biyu da suka wuce an tura wa mai gida jerin duk na'urorin, shi ya zaɓi inda gida yake, shi ya cire waɗanda ba na gida ba. Ya ƙara da cewa a tsarin da mai gida ya koma, ɗaki huɗu ne kawai, za a share na biyar ranar ƙarshen wata.

Na kife wayar a cinyata.

"Me ya ce?" in ji Amarya.

"Shirme. Kuskure ne daga wurinsu, za su gyara."

Ta kalle ni irin kallon da take yi wa mai cewa bai karya kumallo ba alhali ga maiƙo a leɓensa.

"Auta, na'ura ba ta san ni ba," ta ce. "Je ki gida kafin motoci su yi wuya."

Duk ranar Asabar Babban Yaya kan zo gaida Mama da hantsi. Dilan tayil ne, wayoyinsa biyu, kuma kowace magana tasa da "a zahirin gaskiya" take farawa. Na bari sai da ya zauna a kujerar da ke kallon taga, ya jera wayoyin a kan tebur, Mama na gefe tana ɗinke maɓallin riga, sannan na ajiye masa hoton a gabansa.

Ya kalla, ya ture da yatsa ɗaya.

"A zahirin gaskiya, dokar kamfani ce."

"Kamfani ya tambaya, Yaya. Kai ka amsa."

"To me kike so in ce musu? In yi ƙarya? Tare muke kwana da ita?"

"Wa ake magana?" in ji Mama, ba ta ɗago ba.

"Amarya, Mama. An rufe mata kallo. Kuma ƙarshen wata za a share ɗakin Yaya Sanyi."

Allurar ta tsaya.

"Mama, kar yarinyar nan ta ruɗa ki da kukan littafi," ya ce. "Abin nan ya yi tsada, kullum ƙari. Dole a rage. Ɗaki biyar ne, ɗaya mai shi ba ya duniya, Allah ya jiƙansa. Wanne kike so in share, na yarana?"

"Ka share nawa," na ce.

"Ke rufe mini baki, uwar 'yan soyayya. Ita Amaryar nan, mu faɗi gaskiya, yarinya ce, ba ɗa ba jika. Gobe za ta yi aurenta. Sai in zauna ina biya, wani ƙato ya miƙe ƙafa a falonta yana kallo da sunan ƙanena? Wata nawa rabon da ta tako gidan nan? Ita ta cire kanta, ni na danna kawai."

Ashe Amarya ba ta yi kuskuren karatu ba. Baƙin zirin nan ya ɓoye kalmomi biyu ne kawai, ya bar mata ainihin saƙon. Na dubi yayana, mutumin da ya goya ni a wuya, ya saya mini jakar makaranta ta farko, na ga yana goge allon wayarsa da gefen riga, hankalinsa kwance kamar ya gama lissafin kwalin tayil. Har ƙamshin turarensa ya koma mini wari.

"Wata nawa rabon da wani a cikinmu ya ce mata ta zo?" na ce. "Kai ka taɓa hawa benen nan nata?"

"Tsaya," in ji Mama. Ta soke allurar a jikin rigar. "Ni ban gane ba. Ka ce sai waɗanda ke kwana a gida ɗaya. To ni ga tawa tana yi, jiya ma na kalla. Ai ba tare muke kwana da kai ba."

"Ke na saya miki gurbi, Mama. Akwai gurbi ɗaya da suke sayarwa na wanda ke waje."

"Waje da ina?"

"Waje da gida."

"Wane gidan?"

Ya gyara zama. "Wato, a tsarinsu, gidan shi ne inda mai biya yake. Nawa ke nan. Suna ne kawai, Mama."

"Auta, karanta mini abin da suka rubuta a kaina."

Na ɗauki rimot, na shiga, na karanta mata kamar yadda yake: "Mama. Ƙarin mutum."

Mama ta cire tabaranta, wanda ni na zaɓa mata a shagonmu, ta naɗe shi a hankali.

"Ƙarin mutum," ta ce. "A falon da na yaye ka. Ga tabon da ka yi wa ƙofar can da keke, har yau ban sa an shafe ba. Ni ce ƙari."

"Mama, fassara ce..."

"Na ji fassara. Ɗauki wayarka. A'a, ba waccan ba, wadda ka yi aikin da ita. Mayar da gida inda ka same shi."

"In na mayar nan, tawa talabijin ce za ta..."

"Sai ka sayi gurbin na waje, tunda ka san hanyarsa. Ɗakin Sanyi kuma, in ɗaya za a share, share nawa, in shiga na Auta. Ai tare muke kwana, ko kamfanin zai zo ya leƙa?"

Ya ɗauki wayar. Ya yi ta danne-danne yana huci, lamba ta shigo, ya karanta, na shigar a talabijin. Da ya gama ya tattara wayoyinsa, ya ce yana da mai saye da ke jira, ya fita ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

"Saura ita," in ji Mama. "Yanzu tata za ta yi?"

"Talabijin ɗinta ba za ta yi ba, Mama, tana waje. Amma wayarta za ta yi, in dai tana shigowa gidan nan ta hau wayfai ɗinmu ko sau ɗaya a wata."

"Sau ɗaya a wata." Mama ta ja tsaki mai tsawo. "Kamfanin banza ne zai yanka mini sau nawa 'yata za ta zo gida. Kira mini ita."

Ban ji abin da suka ce ba, don Mama ta kore ni kicin. Na dai ji ta ce, "Laifina ne, na zaci kina son a bar ki ki huta," daga nan na buɗe famfo don kar in ji sauran.

Washegari da la'asar Amarya ta zo. Na hango ta ta taga tana tsaye a bakin ƙofa, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa ta sauke, ta sake ɗagawa. Kafin ta yi sallama wayar da ke hannunta ta yi ƙara. Tun zuwanta na farko Yaya Sanyi ya sa mata wayfai ɗin gidan, wayar ba ta manta ba. Na buɗe mata, muka duba allon tare. Fuskar nan mai murmushi ce, da rubutu: Barka da dawowa gida!

Na karanta wa Mama.

"Ka ji marar kunya," ta ce. "Maganar da na kwana ina shiryawa ya riga ni faɗa. Shigo, 'yar nan, ki rabu da shi."

Suka rungume juna, ni kuma na yi abin da na fi iyawa, na jiƙa gefen mayafina.

Bayan an natsa, Amarya ta ɗauki rimot da kanta. Ta shiga ɗakinsu. Jan layin na nan, tambayar na nan.

"Mama," ta ce, "ya ce in na kalla bai dawo ba, bai yafe ba."

"Ni na haife shi, na yafe a madadinsa. Abin da wani zai iya share miki da yatsa ɗaya ba wurin ajiyar miji ba ne. Danna."

Ta danna.

Matar direban na tafe a wani dogon baranda na tasha, kiɗa na tashi a hankali, ta nufi wata koriyar ƙofa. Amarya ta kama hannuna. Matar ta kai hannu ga mariƙin ƙofar.

Allon ya washe da haske. Wani mutum da wata mata cikin fararen kaya suka faɗa kan katifa suna ƙyalƙyala dariya, wata murya ta ce, "Katifar da ke sa ma'aurata su makara!" Tsarin da Babban Yaya ya koma mai talla ne. Daƙiƙa talatin, kuma ba a tsallakewa. Muka zauna mu uku muna kallon mutanen nan suna birgima. Na rasa inda zan sa idona. Da ina da ƙarfi da na ɗaga talabijin ɗin na jefa ta taga.

Fim ya dawo. Matar ta tuna baya, ta tuna wani bayan, aka nuna jirgi na wucewa, aka nuna agogon tasha. Aka sake yankewa, aka tallata mana man goge baki. Da aka dawo saura minti ɗaya. Ta murɗa mariƙin, ƙofar ta buɗe kaɗan, ta zaro ido. Allon ya yi baƙi, rubutu ya fito: sai a zango na biyu.

"Ina zango na biyun?" in ji Mama.

Na duba a wayata, na ji kunyar faɗa kamar ni na aikata. "Babu, Mama. Kamfanin ya soke shi tun bara. Wai bai kawo musu sababbin masu biya ba."

Kafaɗun Amarya suka fara rawa. Na matso zan rarrashe ta, sai na ga dariya take, dariya har da buga cinya, hawaye na zuba ta ko'ina.

"Wata bakwai," ta ce da ƙyar. "Wata bakwai ina gadin ƙofar nan, ashe ba kowa a bayanta. Wallahi Sanyi bai yi asarar komai ba. Da yana nan da ya ce a ba shi sukudireba ya kwance kamfanin."

Allon ya sake kawo tambaya, da hoton babban yatsa sama da wani ƙasa: Kun ji daɗin wannan fim?

"Ba hoton da ake dannawa a tofa masa yawu?" in ji Mama.

"Babu, Mama."

"To kashe. Ke kuma ranar Asabar ki zo da wuri, ki taya ni fitar da kayan ɗakin Sanyi na gidan nan mu shanya. Ni kaɗai na kasa buɗewa."

"Zan zo, Mama."

Na raka ta bakin titi. Muna jiran mota ta ce, "Auta, ki daina ƙarya, ba ta karɓe ki ba. Kunnenki ke ja." Kafin in ba ta amsa wayata ta yi ƙara. Babban Yaya ne ya turo hoton ƙatuwar talabijin ɗinsa, wadda ba ta da ko ɗigon tabo, da saƙon nan cikakke. A ƙasa ya rubuta: Yaya ake cire wannan abin? Yara sun dame ni.

Na miƙa mata wayar. Ta karanta, ta miƙo mini, ta ɗaga wa mota hannu.

"Ki kwantar masa da hankali," ta ce. "Ki ce masa da talabijin suke."